Rigar Mama: Lamba Ɗaya, Girma Daban

Tambaya: Anti, lamba 36B nake sawa, amma wadda na saya a wani shago ta matse ni, ta wani shagon kuwa ta yi mini yawa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, laifin ba na jikinki ba ne, domin kamfanoni ba su bin ma'auni ɗaya, abin da Ingila ke kira 36B, Jamus na kiransa 80B, Faransa kuma 95B. Ki auna ƙarƙashin ƙirjinki da tef ɗin tela, sannan ki gwada rigar kafin ki biya. Idan kin maƙala ta a ƙugiyar farko, wato wadda ta fi sako-sako, yatsu biyu kaɗai ya kamata su shiga ƙarƙashin maɗaurin baya, kada kuma ya riƙa hawa sama. Idan maɗaurin ya yi sako-sako alhali gaban ya zauna daidai, ki nemi 34C.