Amsoshin Tambayoyinku: Wace Ƙaramar Kyamara Zan Saya?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan mako sun taru ne a kan ƙaramar kyamarar nan ta aljihu, wadda ake saita ta a kan abu a danna kawai ta ɗauki hoto, ba tare da an sauya mata gilashi ba. Na zaɓi biyar daga ciki.

Wani malamin firamare daga Gusau ya rubuto cewa yana da waya mai kyau, amma yana son ya san ko ya dace ya ƙara da kyamara domin ɗaukar hotunan bikin yaye ɗalibai.

Malam, idan kuɗinka bai wuce na kyamarori masu sauƙi irin su Sony W800 ko Canon IXUS 185 ba, ka riƙe wayarka. Da rana tsaka hotunansu za su yi kusan kunnen doki, da dare kuwa ko a cikin aji mai ƙarancin haske wayar zamani za ta fi su. Kyamara tana gaban waya ne a wurare biyu: jawo abu mai nisa da gilashi na gaske, da kuma girman sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinta. Idan ba ɗayan biyun nan kake nema ba, ka sayi abin tsayar da waya mai ƙafa uku, ka bar sauran kuɗin a aljihunka.

Wani ɗalibi daga Kaduna ya ce ya ga tallar wata kyamara a intanet, an rubuta tana da megafiksel 48 (wato hotonta na da ƙananan ɗigo miliyan 48), tana ɗaukar bidiyo na 4K, wato mai fitowa tar sosai, tana jawo nesa sau 16, ga katin memori kyauta, kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Yana tambaya ko ya tura kuɗi.

Ɗana, kada ka tura. Zan daɗe a kan wasiƙarka domin wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba kai kaɗai ne ke kallon wannan talla ba. Da farko ka dubi sunan da ke jikinta, za ka ga ko dai babu suna sam, ko kuwa wani suna ne da ba ka taɓa ji ba kuma ba shi da ofishi ko wurin gyara a ko'ina. Sannan ka yi wa kanka wannan lissafi: Sony RX100 VII, wadda ta fito a 2019 a kan kusan dala 1,200, megafiksel 20 ke gare ta. Ta yaya abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗinta ba zai ninka ta fiye da sau biyu? Abin da ke faruwa shi ne, akwai wata 'yar mitsitsiyar sensa a ciki, sai manhajar kyamarar ta hura hoton kamar balan-balan har ya kai adadin da aka rubuta a kwali. Girman fayil ya ƙaru, amma ba a ƙara ko ƙwayar bayani ɗaya a cikin hoton ba. Haka zum ɗin nan, wato jawo nesa, na sau 16 yake, yanka tsakiyar hoto ne kawai a faɗaɗa shi, abin da kowace waya ke yi idan ka buɗe yatsunka biyu a fuskarta.

Na riƙe irin wannan kyamara a hannuna. Ɗan maƙwabcina ne ya kawo mini ita bayan sunan ƙanwarsa, ransa a ɓace. Ba ta da nauyi, kamar gwangwanin da aka juye, batirinta irin na tsofaffin ƙananan wayoyi ne, kuma da na danna maɓallin zum ban ga gilashin ya motsa ba ko kaɗan, domin zoben da ke gabanta kwalliya ce kawai ta roba. Da muka buɗe hotunan a kwamfuta, fuskokin mata duk sun caɓe kamar an shafa musu man kaɗanya, zanen atamfar da mai jego ta sa kuwa ya narke ya zama launi ɗaya. Ranar suna ba ta dawowa, wannan ne ya fi ƙona mini rai fiye da kuɗin da yaron ya yi asara.

Akwai dalilin da ya sa wannan tarkace ya cika kasuwa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori fiye da miliyan 120, amma a 2023 ba su kai miliyan 10 ba, saboda waya ta cinye kasuwar. Kamfanin Casio ya daina ƙera ƙananan kyamarori tun 2018, sauran manyan kamfanonin ma suka rage masu araha ƙwarai. Da matasa suka sake waiwayar kyamarar aljihu a 'yan shekarun nan, sai suka tarar da gurbi, masu kayan jabu kuma suka cike shi da manyan lambobi a kan kwali. Megafiksel 12 na gaskiya sun isa a wanke hoto mai girman takardar A4 ya fito tar, saboda haka ka daina bin wannan lamba.

Katin memorin da aka ce kyauta ne, shi ma abin tsoro ne. Akan rubuta masa 128GB, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa kaɗan ne, sai ka ɗauki hotuna sun yi yawa sannan ka tarar wasu ba sa buɗewa. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kati da bayanai ta sake karantawa, ta fallasa girmansa na gaskiya. Kowane kati ka saya, ka gwada shi da ita kafin ka ba shi amanar hotunanka. Idan dole sai sabuwar kyamara mai sauƙin kuɗi, ka nemi Kodak PixPro FZ55, mai megafiksel 16 da zum na gilashi sau 5, ko FZ45 da ke aiki da batirin AA, abin da zai taimake ka a ranar da babu wuta. Ba su da wani abin mamaki, amma abin da aka rubuta a jikinsu shi ne a cikinsu.

Wata budurwa daga Abuja ta ce duk waɗanda take bi a TikTok suna amfani da Canon G7 X, don haka tana so ta ci bashi ta saya, kuma tana tambaya ko baƙa ta fi kyau ko mai ruwan azurfa.

'Yata, launi ba ya ɗaukar hoto, kuma ba a cin bashi domin yayi. G7 X Mark III kyamara ce ta kirki, tana da sensa ta inci ɗaya wadda ta ninka ta ƙananan kyamarori kusan sau huɗu, amma ta fito ne tun 2019 a kan kimanin dala 750, kuma rububin da ake yi mata ya sa 'yan kasuwa sun ɗaga kuɗinta sama da haka. Ba ki faɗa mini ko da abu ɗaya da za ki yi da ita wanda zai biya bashin ba. Ki bari sai kin tara kuɗinki.

Wani magidanci daga Kano yana son kyamarar da zai ɗauki Hawan Daushe da ita daga cikin taro, inda ba zai iya matsawa kusa da dawakai ba.

Alhaji, kai ne mai ainihin bukatar zum. Ka nemi jerin Panasonic Lumix TZ, waɗanda a Amurka ake kira ZS, domin akwai masu jawo nesa sau 30 kuma suna shiga aljihun babbar riga. Sensarsu ƙarama ce, saboda haka ka yi aikinka tun da sauran rana, kafin magariba ta kawo jiki. Babban abokin gabarka ƙura ce. Gilashin irin wannan kyamara yana fitowa yana komawa, duk motsin da ya yi kuma yana iya zuƙar ƙura zuwa ciki, daga nan sai ɗigo-ɗigo a hoto ko gilashin ya maƙale gaba ɗaya. Ka kashe ta idan mahaya suka yi sukuwa ta gabanka ƙasa ta tashi, ka ajiye ta a jakarta, kada ka goge gilashin da bakin riga. Wanda aikinsa kullum a cikin ƙura ko ruwa yake, OM System TG-7 ta fi dacewa da shi, domin a rufe take ruf kuma tana jure nutso har mita 15, sai dai zum ɗinta sau 4 ne kawai, ba zai kai ka inda kake so ba.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wata mai ɗinki ce a Zariya. Ta ce ta kwashi adashinta, tana so ta sayi kyamara ta hannu domin ɗaukar kayan da take ɗinkawa, amma tsoro ya hana ta barci, domin ita ke riƙe da marayunta kuma ba ta san komai game da na'ura ba.

Hajiya, Allah ya yi wa nemanki albarka, ya raya miki yaran. Tsoron nan naki ba aibu ba ne, shi ne zai kare ki. Kyamara ta hannu daga kamfanin da aka sani, kamar Sony RX100 ta farko da ta fito a 2012, ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, kuma za ta fito miki da zaren aiki da launin yadi yadda suke. Amma kada ki yi cinikin biri a sama, ki je shago da ƙafarki tare da wani naki da ya san waya ko kwamfuta. Ki kunna ta ki kashe sau da yawa, ki saurara ko gilashin yana fita sumul ko yana ƙara. Ki haska fitilar waya a cikin gilashin, idan kika ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, to danshi ya ɓata shi, ki ajiye musu kayansu. Ki ɗauki hoton farin bango ki faɗaɗa shi ki duba ko akwai baƙin ɗigo, ki gwada filasha, ki cire batirin ki ga ko ya kumbura. Ki tambayi irin katin da take karɓa, domin wasu tsofaffin Sony suna bukatar Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma katin xD, waɗanda samunsu yanzu wahala ne. Ki tafi da rigar da kika ɗinka guda ɗaya, ki ɗauke ta hoto a bakin ƙofar shagon inda haske yake, ki sa a buɗe miki shi a kwamfuta. Idan kin gamsu, ki karɓi caja da rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, kuma mai shago ya rubuta da hannunsa kwanakin da ya yarda ki dawo da ita idan ta ba da matsala.