Ga ƙanena a Maradi, kan zanga-zangar da Hajiya ta gani

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce Hajiya ta ga bidiyon mutane zaune a ƙofar barikin sojan Amurka a Okinawa, ƴan sanda na cicciɓe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ko an ba ka bursu ba ka zuwa Japan. Kai kuma, da yake ɗan USN ne, ƙungiyar ɗaliban Nijar, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, tambayarka ita ce ko za ka iya shiga cikinsu in ka zo.

Ka kwantar wa Hajiya da hankali. Zaman dirshan ne, yawancinsu ma tsofaffi, kuma Okinawa tsibiri ne can kudu, tafiyar jirgin sama daga Tokyo.

Rigimar ta girme mu duka. A 1955 aka so faɗaɗa filin jiragen sojan Amurka na Tachikawa da ke yammacin Tokyo, a cinye gonakin garin Sunagawa. Manoma suka ce ba da su ba. Ma'aikatan ƙungiyar ƙwadago ta Sohyo da ƴan ƙungiyar ɗalibai ta Zengakuren suka kawo musu ɗauki, suka tare masu awon fili. A Oktoban 1956 aka yi taho-mu-gama da ƴan sanda, mutum kusan dubu suka ji rauni, gwamnati ta dakatar da awon. Sai 1977 Amurka ta miƙa filin. Yau wani ɓangarensa lambun shaƙatawa ne. Mutanen Okinawa kuwa har yanzu suna fama: a ƙuri'ar 2019 kashi 72 cikin ɗari suka ƙi a cike teku a Henoko don sabon sansani, amma ba a fasa aikin ba. Mu da muka ga fitar sojan Amurka daga Agadas a 2024 ba sai an yi mana dogon bayani ba, ni ma zuciyata tana tare da su.

Amma shiga, a'a. A 1978 kotun ƙolin Japan ta yanke hukunci a shari'ar McLean, wani Ba'amurke malamin Turanci da ya riƙa shiga zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, cewa ministan shari'a na iya duba siyasar baƙo kafin ya sabunta masa takardar zama. Ba za a ɗaure ka don ka tsaya a taro ba, sai dai ranar sabuntawa ba ka da bakin gardama. Ba'amurke ke nan fa, balle kai da fasfon Nijar.

Ka zo ka saurara, ka karanta, in kana so ka yi bincikenka a kai, malamai za su karɓa. Turo mini tsarin binciken naka in duba kafin ka miƙa. Ka gaida Hajiya.