Man da Ashiru ya tsoma ƙafa ciki, na zaitun ne ko fetur?

Tambayoyin wannan makon sun taru a wuri ɗaya ne, don haka zan haɗa su. Wani ɗan'uwa daga Jos ya rubuto yana cewa, malam, na ji ana cewa akwai kamfanin Amurka da yake haƙar mai a Isra'ila saboda wai Littafi Mai Tsarki ya faɗi inda man yake, ayar ta ce Ashiru zai tsoma ƙafarsa cikin mai, to wannan "mai" ɗin fetur ne ko kuwa?

To ɗan'uwa, labarin kamfanin gaskiya ne. Sunansa Zion Oil & Gas, wani mutumin Amurka mai suna John Brown ya kafa shi a shekarar 2000, ofishinsu na Dallas a jihar Texas, kuma yawancin kuɗin aikin daga hannun jarin da talakawan Kiristoci masu bi suka saya ya fito. Ayar da kake nufi tana cikin Maimaitawar Shari'a 33:24, inda Annabi Musa yake sa wa kabilun Isra'ila albarka kafin rasuwarsa, da ya zo kan kabilar Ashiru sai ya yi masa addu'ar ya tsoma ƙafarsa a mai. Suna kuma haɗawa da Farawa 49:25, albarkar da Yakubu ya sa wa Yusufu, inda aka ambaci albarkun zurfi da ke kwance a ƙarƙashi. Masu wannan fahimta har taswira suke shimfiɗawa, su ce ka duba rabon ƙasar Ashiru, siffar ƙafa gare shi, ga yatsun nan wajen birnin Haifa, to nan man yake. Tun kafin Brown ma wani ɗan Texas, Andy SoRelle, ya haƙa rijiya a Atlit kudu da Haifa a farkon shekarun 1980 bisa wannan ayar, ya yi zurfi ƙwarai, kayan haƙa suka maƙale a ramin, aikin ya tsaya.

Yanzu maganar kalma, wadda ita ce tawa. Bahaushe idan ya ce mai, kalma ɗaya ce take ɗauke da kaya da yawa, man gyaɗa, man ja, man shanu, man kaɗanya, man shafawa, sai da mota ta zo muka ƙara man fetur, yau kuma idan mutum ya ce mai ya yi tsada ba wanda zai tambaye shi wanne, kowa ya san gidan mai yake nufi. Turanci ma haka kalmarsu take, guda ɗaya ce ta haɗa na miya da na inji, kuma Brown da mutanensa da Turanci suke karatu. Amma a Ibrananci kalmar da ke cikin ayar ita ce shemen, man ci da shafawa da kunna fitila da zuba wa sarki a ka, wato galibi man zaitun. Malaman Yahudawa na da can haka suka fassara ta, sun ce ƙasar Ashiru a Galili zaitun ya yi mata yawa har mai yana gudu kamar ruwan marmaro. Tsoma ƙafa kuwa salon nuna wadata ne, kamar yadda mu za mu ce wane yana wanka da nono, ba wanda zai je neman bahon nonon.

Abin da ya fi ƙarfafa min wannan shi ne littafin yana da nasa kalmomin na abin da ke ɓulɓulowa baƙi daga ƙasa. A Farawa 14:10 an ce kwarin Siddim cike yake da ramukan kwalta, kalmar ita ce hemar, kuma kwandon da uwar Musa ta sa shi a ciki a bakin kogi da hemar da zefet ta dalaye shi don kada ruwa ya shiga. Mutanen sun san kwalta sarai, Tekun Gishiri ma yakan tofo ta gunduwa-gunduwa tana yawo a kan ruwa ana kwasa. Da ita ake nufi da an kira ta da sunanta. Ibrananci na yau ma neft suke ce wa ɗanyen mai, ɗan'uwan nafɗ na Larabci. Ni dai a ilimin harshe nake magana, imanin mutum nasa ne, amma kalmar nan ta kicin ce.

Sai wata baiwar Allah daga Zinder, ita tambayarta gajera ce, me ya bambanta annabci da hasashe da duba? Annabci daga annabi yake, saƙo ne da aka ce daga Allah ya zo. Hasashe aikin hankali ne, ka ga hadari ka ce za a yi ruwa. Duba kuwa na boka ne da mai buga ƙasa. Abin da masu haƙar nan suke yi, in an bi diddigi, fassara ce suka ɗora wa aya, sannan suka ɗauko masana duwatsu su yi musu hasashe a kai.

Na uku wani ɗalibi ne ya ce in ba shi misali na zamani da zai fahimci karin maganar nan, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Kai yaro ka zo a daidai. Maƙera gidan wuta ce, zugazugi da gawayi da tartsatsi yini guda, kowa zai ce in gobara za ta tashi daga nan ne, masaƙa kuwa zare ne da auduga da mutum zaune yana jefa ƙoshiya, ba ko ashana. Ana faɗinta idan abu ya ɓullo ta inda ba a sa ido ba, mai daɗi ko marar daɗi. Isra'ila ta daɗe tana neman mai a tudu, an samu ɗan kaɗan a Heletz a kudu a 1955, har tsohuwar firaministarsu Golda Meir tana da wata barkwanci da aka sani, wai Musa ya yi shekara 40 yana yawo da su a hamada ya kawo su wuri ɗaya tilo a Gabas ta Tsakiya da babu mai. Zion sun haƙa wajen Ma'anit, suka koma Megiddo-Jezreel a 2017 suka nutsa kimanin mita 5,000, ba su kai ga man da za a kai kasuwa ba. Wani kamfanin na Yahudawa, Givot Olam, wanda Tovia Luskin ya kafa kuma ya ɗauko sunan daga albarkar da Musa ya sa wa Yusufu a wannan babi na 33 na Maimaitawar Shari'a, shi kam ya samu mai a filin Meged, sai dai ba mai yawan da zai canza ƙasa ba. Ana cikin haka sai ga iskar gas a teku, filin Tamar a 2009, filin Leviathan a 2010 kimanin kilomita 130 yamma da Haifa, kamfanin Noble Energy da abokan hulɗarsa na gida suka gano da na'urorin auna ƙarƙashin ruwa, yanzu har Masar da Jodan ake sayar wa. Ba a ƙafar Ashiru ba, ba kuma fetur ba. Ko da yake masu waccan fahimta ba su rasa amsa ba, sukan ce ai albarkar kabilun Zabaluna da Issaka a babin ta ambaci yalwar tekuna da dukiyar da ke ɓoye cikin yashi, to ka ga aya in dai bayan abu ya faru za a nemo ta, ba a rasawa.

Ɗalibin ya ƙara da tambayar ko za a iya ce musu tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. A'a, ba ta hau ba. Warabbuka daga Larabci ne, wa rabbuka, wato kuma Ubangijinka, ana faɗa wa wanda ya naɗe hannu yana jiran a kawo masa. Waɗannan kuwa ba su naɗe hannu ba, sun fi shekara 20 suna haƙa suna zuba daloli a rami. In kana son wadda su za su faɗa wa kansu, mai nema yana tare da samu ce, masu hannun jarin da suka gaji da jira kuma wataƙila su ce aikin baban giwa.