Filin Tambaya da Amsa: Shafuka 46 a Cikin Minti 15

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki, kuma wata mai kamawa zan kare kundin bincikena, wanda na yi a kan yadda tsadar taki take shafar noman masara a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. An ba kowane ɗalibi minti 15. Na shirya jawabina a PowerPoint, ya kai shafuka 46, saboda na tsakuro muhimman wurare daga babi biyar ɗin na zuba a ciki. Wata ƙawata ta ce sun yi yawa, ni kuwa ina tsoron in na rage malamai su ce ban yi aiki ba. Ina mafita? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'a. Ƙawarki ta yi gaskiya, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna haka: minti 15 sakan 900 ne, in aka raba su gida 46, kowane shafi bai samu sakan 20 cikakku ba. A wannan ɗan lokaci babu malamin da zai iya karanta sakin layi guda da ke kan allo, balle ya saurare ki yana karantawa. Sai dai yawan shafukan alama ce kawai. Ainihin matsalar ita ce kin shirya su ne don su tuna miki abin da za ki faɗa, alhali kuwa shafin majigi na masu kallo ne. Kundin yana gaban malaman, an ba su shi tun kafin ranar, kuma shi ne shaidar cewa kin yi aiki. Abin da suke son gani a minti 15 ɗin shi ne ko kin fahimci aikin har kina iya ware abin da ya fi muhimmanci a cikinsa.

Saboda haka ki rufe kwamfutar tukuna, ki ɗauki takarda da biro. Ki rubuta a jimla guda abin da bincikenki ya gano, irin jimlar da za ki faɗa wa mahaifinki in ya tambaye ki me kika samo a duk wannan zirga-zirga zuwa ƙauyuka. In jimlar ta ƙi fitowa, to da sauran aiki, kuma babu adon shafi da zai rufe wannan giɓin. In ta fito, sai ki tambayi kanki waɗanne hujjoji uku ko huɗu ne suka tabbatar da ita. Su ne ƙashin bayan jawabinki. Duk abin da ya rage, kamar ma'anar kalmomi da dogon jerin waɗanda suka yi rubutu kafin ki, ko dai ya taƙaitu a shafi ɗaya, ko ya zauna a kundin. A nan ne ɗalibai da yawa suke asara, domin sukan ƙarar da minti goma a kan gabatarwa da bitar ayyukan magabata, ana buga musu tebur lokaci ya ƙare ba su kai ga sakamakon ba, alhali sakamakon ne kaɗai abin da yake nasu na kansu. A ganina, rabin lokacinki ya kamata ya tafi a kan abin da kika gano da ma'anarsa. Shafuka 12 zuwa 15 za su ishe ki. Wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Guy Kawasaki ya shahara da wata ƙa'ida da ya ba masu neman jari: shafuka 10, minti 20, rubutun da girmansa bai gaza lamba 30 a ma'aunin girman haruffa ba. Ba don ɗaliban jami'a ya tsara ta ba, kuma ba dole ki bi ta sau da ƙafa ba, amma ki lura da yadda ya ba kowane shafi minti biyu.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne batun kanun shafi. Yawancin ɗalibai sukan rubuta "Sakamakon Bincike" a sama, su liƙa jadawali mai layuka ashirin a ƙasa, su bar mai kallo ya nemo wa kansa inda labarin yake. Maimakon haka, kan shafin ya zama cikakkiyar jimla da take faɗin abin da shafin ya zo tabbatarwa. In a ce, alal misali, kin gano cewa manoman da suka rage taki sun kuma rage faɗin gonar da suka shuka, to wannan jimlar ce za ta hau sama, a ƙasanta kuma zane guda da yake nuna hakan. Malamin da hankalinsa ya ɗan tafi wani wuri, da ya ɗago kai ya karanta layin nan ɗaya ya dawo kan hanya. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: ki karanta kanun shafukanki kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. In sun ba da labarin binciken ba tare da an duba abin da ke ƙarƙashinsu ba, tsarinki ya yi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma akwai misalin da masu koyar da wannan fanni suka daɗe suna kawowa. A watan Janairun 2003, lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tashi, wani ɓallin soso mai kare tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana sama injiniyoyi suka gabatar wa shugabannin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, nazarinsu a shafukan PowerPoint. Kan ɗaya daga cikin shafukan ya zo da lafazi mai kwantar da hankali, amma can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka ba da lambobin da suke nuna cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640, wato gwajin ba zai iya ba da tabbaci ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Hatsarin yana da dalilai da yawa, kuma babu wanda ya ce shafi ɗaya ne ya jawo shi, amma hukumar da ta bincike shi ta kawo nazarin da masani Edward Tufte ya yi wa wannan shafin a rahotonta, ta kuma soki yadda ake amfani da shafukan majigi a madadin cikakken rahoton fasaha. Darasin da ya shafe ki shi ne: abin da ya fi muhimmanci a shafi, ko mai daɗi ne ko marar daɗi, shi ne zai hau sama da manyan haruffa. In samfurin manoman da kika tambaya kaɗan ne, ko daga ƙauyuka biyu kawai suka fito, ki faɗa da bakinki kafin mai jarrabawa daga waje ya tono miki.

Game da yawan rubutu, akwai dalilin da ya sa ake hana cika shafi da jimloli. Masana halayyar koyo, irin su Richard Mayer na Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara, sun nuna cewa mutum ya fi fahimta idan yana kallon zane ana yi masa bayani da baki, fiye da idan an ƙara masa da dogon rubutun da yake maimaita abin da ake faɗa. Ido ya fi baki sauri, don haka kina layi na biyu malamin ya riga ya kai ƙarshen shafin, daga nan kuma ya daina sauraron ki. Ki bar rubutun jikin shafi kada ya gaza girman 24, ki zaɓi salon haruffa ɗaya ki tsaya a kansa, baƙin rubutu a kan farin shafi, domin ɗakunan da ake irin wannan zama galibi da rana ne, tagogi a buɗe, hasken majigin kuma ba shi da ƙarfi. Jadawalin da kika kwafo daga babi na huɗu, ki sake gina shi: ki cire duk layin da ba za ki yi magana a kansa ba, ki yi wa lambar da kike so a gani launi dabam. Kada ki dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta abubuwa biyu a zane, saboda akwai mutane, galibinsu maza, da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launuka sosai. Haruffa masu tsalle da shafuka masu juyi kuwa, ki bar su gaba ɗaya.

Sauran shafukan da kika sha wahala a kansu ba asara ba ne. Ki zaɓi waɗanda kike tsammanin za a yi tambaya a kansu, kamar yadda kika zaɓi manoman da cikakken jadawalin lissafi, ki ajiye su bayan shafin ƙarshe, ki rubuta lambobinsu a 'yar takarda. A PowerPoint, idan ana cikin nunawa kika danna lambar shafi sannan kika danna Enter, kai tsaye zai kai ki can. Ɗalibar da aka tambaya game da samfurinta, ta ce ga shi a shafi na 18 kuma ya fito nan take, ta riga ta amsa zargin rashin yin aiki.

TAMBAYA: Malam, ina aiki da wata ƙungiya mai wayar da kai kan kiwon lafiya, kuma da Hausa nake shirya shafukana. Amma duk lokacin da na kai su wata kwamfuta, haruffa masu lanƙwasa sai su koma akwatuna ko su sauya kama, tsarin shafin ma ya wargaje. Me ke jawo haka? Daga wani ma'aikaci, Maraɗi.

AMSA: Malam, abin da ke faruwa shi ne fayil ɗin ba ya tafiya da salon haruffan da ka yi amfani da shi, sunansa kawai yake ɗauka. In kwamfutar da ka je ba ta da wannan salon, sai ta musanya shi da wani, kuma ba kowane salo ne yake da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Salon ado da ake saukewa daga intanet su suka fi wannan matsala. Ka yi amfani da salon da aka tsara shi da harsunan Afirka a zuciya, kamar Andika ko Charis na cibiyar nazarin harsuna ta SIL, ko Noto Sans na Google, dukansu kyauta ne. Sannan idan ka gama, ka adana kwafi guda a matsayin PDF, domin shi yana tafiya da haruffansa, kuma yadda ka tsara shi haka zai buɗe a ko'ina. PowerPoint na Windows ma yana da zaɓin cusa haruffa a cikin fayil ɗin, a sashen adanawa.

Wargajewar tsari kuma wani lokaci daga fasalin allon ne. Tun daga PowerPoint na 2013 sabon shafi yana zuwa ne da fasali mai faɗi, wato 16:9, tsofaffin majigi da yawa kuwa na fasalin da bai kai shi faɗi ba ne, wato 4:3, don haka ka tambayi irin na'urar da za ka tarar kafin ka fara aiki. Haka nan ka tambayi bakin wayarta, VGA ce ko HDMI, domin sababbin laftof da yawa ba su da ramin VGA, sai da 'yar mahaɗa. Tunda aikinka na shiga garuruwa ne, inda wuta ba ta da tabbas kuma wasu mahalarta ba sa karanta boko, ina ganin gara ka rage dogaro da rubutu tun farko: hoto babba guda a kowane shafi, bayanin ya fito daga bakinka. Ka buga muhimman hotunan a manyan takardu ka riƙe, yadda in janareto ya tsaya taron ba zai tsaya ba.

TAMBAYA: Ni matsalata tsoro ce, Malam. Da na tsaya gaban mutane sai muryata ta riƙa rawa, in juya wa jama'a baya in yi ta karanta allo har in gama. Daga wani malamin makaranta, Kumasi.

AMSA: Malam, fargaba ba ta rabuwa da mai magana gaba ɗaya, ko limamin da ya daɗe yana hawa mumbari yakan ji ta, amma tana raguwa da gwaji, kuma gwajin da nake nufi shi ne na ɗaga murya, a tsaye, agogo a gabanka. Bita a zuci ba ta nuna maka inda harshenka zai sarƙe ko inda lokaci zai ƙwace maka. Ka ɗauki kanka da waya ka saurara, ko ka zaunar da mutum biyu a gida su ji ka, ka tambaye su abin da suka riƙe. Kada ka haddace jawabin duka, domin mai hadda in kalma ɗaya ta ɓace masa sauran sukan bi ta. Ka haddace jimlolin buɗewa kawai, tunda a minti na farko ne murya ta fi rawa, sannan ka san jimlar da za ta fitar da kai daga kowane shafi zuwa na gaba.

Juya baya kuwa maganinsa wurin ajiye laftof. Ka sa ta a gabanka, tsakaninka da jama'a, ka kunna tsarin da PowerPoint yake nuna wa mai jawabi shafin da ake kai da na gaba da 'yan bayanansa da agogo, jama'a kuma suna ganin shafin kaɗai. Idan ka zo wurin da kake son a dube ka a bar allon, ka danna harafin B, allon zai yi baƙi, ka sake danna shi ya dawo. In an yi maka tambaya, ka maimaita ta da ƙarfi kafin ka amsa, na baya su ji, kai kuma ka samu 'yan sakan na tunani. Tambayar da ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika, ka rubuta ta a gaban mai tambayar, ka nemi ya tsaya bayan taro ku yi musayar lamba.