Amsa ga Alhajin Maigatari: "an biya ɗaki" ba "an biya komai" ba ne

Salamu alaikum Alhaji. Ka ce masu sayen ridinka sun gayyace ka Legas, za su sauke ka kwana biyu a otal ɗin Federal Palace, kana tambaya ko wani abu zai fito daga aljihunka, da kuma yadda za ka yi da abinci. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ramin nan mu 'yan ridi da zoɓo da yawa mun afka shi a wasu otal-otal.

Wurin dai tsoho ne mai daraja, tun 1960 aka buɗe shi, yana titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Matsalar ba daga otal take ba, daga bakin dillali take. Zai ce maka "Alhaji an biya komai", alhali kuɗin kwana kawai kamfani ya biya, wani lokaci da karin kumallo. Kafin ka bar gida, su rubuto maka a WhatsApp: kwana nawa, abinci sau nawa, wanki a kan wa. In ya fara kwana-kwana, to ka san akwai lauje cikin naɗi.

Ranar fita ita ce ranar kunya. Ka zo da jaka a hannu, mota na jira, a miƙo maka takarda doguwa. Ruwa da lemo da gyaɗar da ke cikin ɗan firjin ɗaki, duk na sayarwa ne, kuma tsadarsu ta ninka ta shago. Babbar rigar da ka bayar a goge, tana ciki. Sai babbar, wato baƙi. 'Yan'uwa daga Agege da Mile 12 sun ji kana gari, sun zo gaisuwa, ka ce a kawo musu abinci, ma'aikaci ya tambayi lambar ɗaki, ka sa hannu. Wannan sa hannun bashi ne ka ci. A lokacin ka kira dillalin, wayarsa a kashe. Mutumin da jiya yake riƙe maka jaka! Kana tsaye ana kallonka, kai da ake girmamawa a kasuwar Alhamis. Allah ya isa dai. Baƙi ka fita da su waje ku ci, ba rowa ba ce.

Kuma farashin da ke takardar abinci sau da yawa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5, na jihar Legas kashi 5, galibi da ladan hidima kashi 10. Farantin 20,000 sai ya koma 24,500. Ka tambaya ko an riga an haɗa.

Da safe ana jera abinci ne kowa ya ɗiba. Ƙwai, doya, dankali, burodi, shayi, kifi, ba damuwa. Amma siraran yankan nama masu ja-ja da tsiren nan mai kama da yatsa, kada ka taɓa sai ka tambayi mai dafawa, don akan sa na alade. Miyar Turawa ma wata da giya ake haɗa ta. Ni shawarata kifi da shinkafa, hankalinka kwance.

Ka tafi da buta da darduma. Alƙibla daga Legas gabas ce mai karkata arewa, ka duba a waya. Ka riƙe katin NIN. Manyan otal sukan riƙe kuɗin ajiya ta POS ranar shiga, kuma dawowarsa kan ɗauki kwanaki, saboda haka kada ka ba da katin da kuɗin lodi ke ciki, kuma ka adana rasit.

Wani abu ko da ba ka tambaya ba: kada sanyin ɗaki da kaji su sa ka sa hannu a kwantiragi kan teburin abinci. Batun danshi, tsakuwa da ragin awo a gama shi a rubuce.

Ka tambayi lokacin da ake sakin ɗaki, in ka wuce za a iya caje ka. Ka nemi lissafinka tun dare, ka bi shi layi-layi. Jirgin Kano kuma ka fita awa uku kafin tashinsa, don filin jirgin Ikeja da nisa in gadar Third Mainland ta cushe.