Jita a lokacin hunturu

Kana tambaya wai tunda hunturu ya shigo jitarka ta ƙi zama a saiti, kuma ƙarafan nan na kan wuya suna kartar maka yatsu, ko ta lalace ne? A'a ɗan'uwa, ba ta lalace ba, bushewa ce kawai. Katako yana shan danshi yana kuma sakewa, iskar nan tana tsotse shi sai ya ɗan tsuke, shi kuwa ƙarfe ba ruwansa, shi ya sa bakinsu ke leƙowa ta gefe. Jita ta fi son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa a Janairu kai ma ka san ko leɓe fashewa yake.

Ni abin da nake yi, na samu robar sabulu na huda ta da ƙusa wuri biyar shida, in jiƙa soso in matse shi sosai har ya daina ɗiga, in sa a ciki in jefa cikin jakar jitar in zuge zif, duk kwana biyu in duba. Kar dai ruwa ya taɓa katakon. Kuma daina rataye ta a bango ko barin ta a but ɗin mota idan za ku je wasan biki, tawa ta farko haka ta tsage a ƙasan inda wayoyi ke kamawa, har yau abin na min ciwo. Amma fa in ka riga ka ga tsagewa, sassauta wayoyin ka kai wa mai gyara, kar ka ɗiga mata sufa gulu da kanka.