Tankin ya zauna, ɗan kwangila ya ce ba komai

Alhaji, wasiƙarka daga Aboabo ta iso. Ka ce babban tankin man dizal da aka gina maka a Kaase, Kumasi, ya nutse ta gefe guda, ɗan kwangila kuma ya ce haka kowane tanki yake yi, ka biya shi cikon kuɗinsa.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Ƙasa takan danne idan aka ɗora mata nauyi, kuma tankin da ya sauka bai ɗaya, matsalarsa a bakin bututu take tsayawa. Wanda ya karkata gaba ɗayansa ma da sauƙi. Mai haɗari shi ne wanda wani sashe ya loɓa ya bar wani, domin shi ke murɗe bango, ya ja waldar gindi har ta tsage. Alƙali ba zai gane wanne ne naka da ido ba, sai da awo.

Saboda haka buɗe yarjejeniyarku ka ga ma'aunin da aka ambata. Galibi na Cibiyar Man Fetur ta Amurka (API) ne: API 650 na gini, API 653 na dubawa. Na biyun ya ce a auna tsayin gindin a wurare takwas aƙalla kewaye da tankin, tazararsu kada ta wuce ƙafa 32. Ɗauko injiniya mai rajista wanda ba ya cin tuwon kowa a cikinku, ya auna, ya gwama da awon ranar da aka cika tankin da ruwa don gwaji. Kada ka bari a yi faci kafin nan. Shaidarka za a binne.

Sai tambayar da ke raba gardama: wa ya gwada ƙasar, wa ya zana harsashin? In ɗan kwangilar ne, nauyin na wuyansa. In injiniyanka ne ya zana, shi kuwa ya bi zane sak, to ƙararka ta koma kan injiniyan.

Rubuta wa ɗan kwangilar takardar koke yanzu, musamman in wa'adin gyara bai ƙare ba. Kuɗin da yarjejeniya ta ba ka damar riƙewa, riƙe su, amma kada ka zarce, in ba haka ba kai za a ce ka saɓa. In akwai sharaɗin sasanci, dokar sasanci ta Ghana ta 2010 (Act 798) ta ba shi damar roƙon kotu ta mayar da ku can. In babu, Babbar Kotu ce, kuma dokar wa'adin ƙara ta 1972 ta ba ka shekara 6 daga ranar saɓawar ka shigar da ƙara.

Kafin awon ya fito, rage man da ke ciki.